Mangwaro Da Madara

Ku matso kusa 'yan uwa mata, yau ba ni da lokacin doguwar gaisuwa. Masu cika mini waya da tambayar "Jaci, an sa rana ko ba a sa ba?" ku nemi wuri ku zauna, don abin da ya faru ranar Lahadin nan ya wuce a amsa shi da e ko a'a.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Jaciara, ana kirana Jaci. Tausa nake yi a wani otal da ke bakin teku a garinmu, irin wanda masu hali ke zuwa daga São Paulo a shafe su da man kwakwa, a jera musu duwatsu masu ɗumi a gadon baya, su tashi suna cewa an sake haihuwarsu. Wanda nake so kuwa Lisandro ne, ɗan Ajantina. Wasan hawa igiyar ruwa ya kawo shi, garin ya yi masa daɗi ya ƙi komawa, ya buɗe gidan abinci a babban layin da baƙi ke yawo. Ya ce zai aure ni, na ce na yarda. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne komai: albarkar kakata, Vó Tonha.

A gidanmu ba a wasa da wannan. Kullum da safe sai ka kama hannunta ka sumbata ka ce "Albarka, Vó," ita kuma ta ce "Allah ya yi maka albarka." Kawuna Tio Bira da furfurarsa da tumbinsa haka yake duƙawa. Ni kuwa a gadonta na girma, lokacin da Mainha, wato mahaifiyata, ke wuni a rumfarta ta bakin ruwa tana suyar kifi. Na san babu dokar da ta hana in ɗauki Lisandro mu je ofishin aure mu sa hannu mu dawo. Amma auren da Vó ba ta ɗora wa hannu ba ba na son sa, kuma Lisandro ma ba zan bar shi ba. Duka biyun nake so, kuma na ɗaure wa raina sai na haɗa su.

Matsalar ita ce abincinsa. Mainha miyar kifi take dafawa a tukunyar ƙasa, da manja da madarar kwakwa da barkono, wadda in ka ci sai ka nemi inuwa ka miƙe. Shi kuwa Lisandro abincin masu gyaran jiki yake sayarwa: ganye kan ganye, 'ya'yan itace, wasu ƙananan iri kamar abincin kanari.

"Mutumin da ke zuba ciyawa a faranti ya ce abinci ne," in ji Mainha, "shi zai riƙe mini 'ya? Ke dube ki, tun da kika fara zuwa wurinsa wuyanki ya yi tsawo."

"Mainha, haka wuyana yake tun haihuwa."

"Ni na haife ki, ba ke za ki faɗa mini ba."

Ya taɓa aiko wa Vó kwalbar madarar da yake tatsa daga ƙwayar kashu. Ta kurɓa sau ɗaya, ta taɓe baki, ta ce a kai wa kaji ruwan wankin shinkafarsu. Daga ranar Tio Bira ya sa masa suna Mai Ganye.

Sai da na yi ta naci kamar zan tsufa kafin suka yarda su je su ci abincin rana a wurinsa. Ranar Asabar ina tsakiyar naɗe tawul a ɗakin tausa saƙonsa ya shigo.

"Jaci, me kakarki ta fi so? Faɗa mini komai da komai."

"Ka dafa kifi. Ka sa gishiri kamar mutum. Kuma don Allah kada ka fito da madarar kashunka."

"Hahaha, na gane. Zan ba ta mamaki."

"Ba na son mamaki, Lisandro. Abinci nake so ka ba ta."

Ya turo mini hoton zuciya har da na mutum yana sara wa shugaba. Na yi murmushi na jefa wayar a aljihu. Da na san abin da ke tafe da ban yi wannan murmushin ba.

Lahadi bayan an taso daga coci muka shirya. Vó ta sa farar rigarta mai leshi a wuya wadda ba ta fitowa daga akwati sai ranar babban biki, ta ɗaura farin ɗankwali, ta ajiye silifas ta sa baƙin takalmin da ke matse mata ɗan yatsa. Ganin takalmin nan kaɗai ya sa zuciyata ta yi sanyi, don Vó ba ta shan wahalar takalmi saboda wanda ta raina. Mainha ta goge hannuwanta da lemon tsami don ƙarnin kifi, ta fesa turaren da na saya mata tun bara. Ni na sa rigata ruwan ƙwai mai siririn hannu, na tufke gashina sama, na maƙala ƙananan 'yan kunnen bawon kwakwa da Lisandro ya ba ni.

Muka bi babban layi a hankali saboda ƙafar Vó. Rabonta da layin nan ta manta. Ta tsaya gaban masu sayar da ɗanyen kifi irin na Japan ta leƙa farantin wani bature.

"Gas ne ya ƙare musu?"

"Haka ake cinsa, Vó."

"Allah ya kyauta."

Gaba kaɗan ta ga wasu mata a kan tabarmin roba ƙarƙashin rumfa, kowace ta ɗaga ƙafa ɗaya sama ta rufe ido. Tio Bira ya ce mata biya suke yi a koya musu hakan. Ta ce da sun zo ta ba su wanki da sun miƙe a kyauta.

Lisandro na tsaye a bakin ƙofa yana jiranmu, sai da na kusa kasa gane shi. Riga mai maɓalli, gashi a taje, ga takalmi sau ciki, mutumin da tun da na san shi ban taɓa ganin ƙafarsa a rufe ba. Wurinsa a kan matasai ake zama a ƙasa, amma ya je ya aro kujera mai hannu saboda Vó. Ya duƙa ya kama hannunta ya sumbata kamar yadda na koya masa, ya ce da karkataccen harshensa, "Albarka, Vó."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Allah ya shirya ka," ta ce.

Ba ita ce amsar ba, amma ba ta janye hannun ba. Na ce a raina, Jaci, mun kama hanya.

Abinci ya zo, kuma sai na yabe shi, ya yi ƙoƙari. Kifi ne babba ya gasa a cikin ganyen ayaba, da dafaffen rogo, da kabewa, da soyayyen garin rogo mai albasa. Ganyen nasa ya tura shi can gefe a ɗan ƙaramin kwano kamar mai jin kunya.

"Mai Ganye, ina manjan?" in ji Tio Bira.

"Babu manja yau, Tio."

"Kai, ƙasarku dai abin tausayi ce. Ba manja, ba rana, ƙwallon ma sai da hannu kuke ci."

Lisandro ya ƙyalƙyale da dariya ya ƙara masa kifi. Mainha ta raɗa mini cewa gishiri bai ji ba, amma na ga tana suɗe ƙaya. Can sai Vó ta tura farantinta gaba, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Ƙaro garin nan." Na taka ƙafar Lisandro a ƙarƙashin tebur don murna. Har na fara tunanin kalar rigar da ƙawayena za su sa.

Sai ya miƙe ya ce mu jira mamakin.

Ya dawo da tire, dogayen kofunan gilashi cike da wani abu mai kauri ruwan ɗorawa, sanyi na tsatstsafowa a jikinsu, kowanne da ganyen na'a-na'a a kai. Ya ajiye na farko a gaban Vó, ya washe baki.

"Wannan naki ne na musamman, Vó. Babu kashu a ciki ko ɗigo. Madarar saniya ce ta gaske, da kaina na hau babur da sassafe na je gona aka tatso mini. Na niƙa ta da mangwaron bishiyar bayan gida."

Na zabura na kalli Vó.

'Yan uwa, ku da ba 'yan nan ba ne za ku ce mene ne a ciki. A wurinmu yaro kafin ya iya ɗaura wando ya san ba a haɗa mangwaro da madara. In ka sha mangwaro da rana, ko kofi mai madara ba za a ba ka ba sai gobe. Kisa yake yi, haka aka faɗa wa iyayenmu, haka suka faɗa mana. Ni da na yi kwas ɗin tausa na san ba gaskiya ba ne, malamarmu ma ta ce wai masu gonakin da ne suka ƙirƙiro zancen don kada bayinsu su taɓa madara. Amma in faɗa muku gaskiya, duk da sanin nawa ban taɓa haɗawa ba. Kuma ban gargaɗi Lisandro ba, don wa zai zauna ya ce wa babban mutum kada ya sa hannu a wuta?

Mainha ta fizge kofin daga gaban Vó har ya fantsama a kan tebur.

"Kashe mana uwa za ka yi?"

"Kashe...?" Lisandro ya dube ni, ya dube ta, ya fara dariya, ya ɗauka irin tsokanar Tio Bira ce. Ya ce wa Mainha, "Dona Gildete, baƙi kullum suna sha a nan. Yana gyara ciki ma."

"Baƙi! Ka bi su garinsu ka ga yadda suka ƙare?"

Tio Bira ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya ture nasa kofin da bakin cokali kamar kunama ce a ciki. Vó ta ƙura wa kofin ido, fuskarta ta canza. Sannan ta dafa hannun kujera ta fara miƙewa.

"Bira, kai ni gida."

Na san Vó. In ta fita daga ƙofar nan a haka, har ta mutu sunan Lisandro shi ne wanda ya ba ta guba. Duk nacin da na yi, da takalmin da ta sa, da garin da ta nemi ƙari, duk sun tafi a banza saboda abin da ba shi da tushe. Na ce yau sai an yi ta ta ƙare.

Na ɗauki kofina na miƙe tsaye.

"Vó, kalle ni."

"Jaci, ajiye!" in ji Mainha.

Na kafa kai. Ban ɓoye muku ba, wata murya a cikina tana cewa in fa tsofaffin nan sun fi malamarki gaskiya? Ban saurare ta ba. Na shanye tas har ƙasa, na dire kofin a tebur. Kuma abin haushin, daɗi gare shi.

"Jaciara!"

Ban taɓa jin Vó ta yi irin wannan ƙarar ba. Ta ɗora hannu biyu a ka, ɗankwalinta ya zame ya faɗi, farin gashinta ya bayyana a gaban baƙi. Tana kuka tana kiran Maryamu uwar Yesu. Mainha ta cafke ni tana dukan bayana, tana neman cusa mini yatsa a maƙogwaro, Tio Bira na ihu a kawo ruwan gishiri. Turawan da ke zaune a kan matasai suka yi cirko-cirko da cokula a hannu.

"Lafiyata ƙalau! Ku sake ni, lafiyata ƙalau!"

Wa ya ji ni? A tasi aka cusa ni kamar mai naƙuda.

A gida suka kwantar da ni a gadon Vó, suka ɗura mini shayin ganyen boldo mai ɗacin tsiya, aka kunna kyandir a gaban hoton waliyyinta. Vó ta zauna a bakin gadon riƙe da wuyan hannuna, ko takalmin da ke cizonta ba ta cire ba. Duk motsin da na yi sai ta zabura. Ni kuwa ban da gyatsa babu abin da ya same ni. Ina kwance ina lissafin nasarata, ina cewa yanzu kowa ya gani da idonsa.

Da rana ta yi sanyi Vó ta saki hannuna ta fita baranda ta hau ragar lilonta. Na lallaɓa kicin neman ruwa, na tarar da Mainha tana yanka albasa da ƙarfi kamar da ita take faɗa.

"Kin ga dai ban mutu ba, Mainha."

Ba ta juyo ba. "Kin san Lindinalva?"

"Wace ce?"

"Ƙanwar kakarki. Suna yara a gonar koko, an ba yarinyar madara da safe, kakarki ta tsinko mangwaro ta ɓare ta ba ta da hannunta. Zazzaɓi ya rufe ta, ba ta tashi ba. Ko mangwaron ne, ko ba shi ba ne, Allah ya sani, lokacin wa ke ganin likita? Amma uwarsu ta ce shi ne." Ta share ido da bayan hannu. "Shi ya sa ba ki taɓa ganin ta sha mangwaro ba. Ke kuma kika tsaya a gabanta kika ce ta kalle ki."

Kunya ta kama ni, da tausayin tsohuwar nan da na kwana a bayanta shekara da shekaru ban san abin da take ɗauke da shi ba. Amma ban sauka daga kan bakana ba. Lisandro bai sani ba, ni ma ban sani ba, ba za a hukunta mutum a kan abin da ba a faɗa masa ba.

Na fita baranda na durƙusa kusa da ragar.

"Vó, ki yafe mini. Ban san zancen Lindinalva ba."

Idonta na kan titi ta ce, "Na yafe."

"Shi ma bai sani ba, Vó. Don ya faranta miki ya je har gona. Kuma kin gani, babu abin da ya same ni."

"Na gani. Wataƙila ku masu karatu kun fi mu gaskiya." Ta juyo da jajayen idanunta. "Amma lokacin da kike sha ba ke kaɗai na kalla ba. Na kalle shi."

"Ai ya san ba ya kisa, shi ya sa bai hana ni ba."

"Shi ya sani. Ni fa? Ya ga tsohuwa kai ba ɗankwali tana kukan jikarta za ta mutu. Bira ya miƙo hannu, uwarki ta miƙo hannu. Shi ina hannunsa yake?"

Ina ta fama da Mainha a lokacin, ban duba ba.

"Yana riƙe da waya," in ji Vó. "Ya saita ta a fuskata."

"A'a Vó, ƙila tasi yake kira..."

"Ƙila." Ta gyara kwanciya. "Ban ce na ƙi shi ba, 'yar nan. Kifinsa ya yi daɗi. Ƙofata a buɗe take har rana ta faɗi. In ya san abin da ya yi, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Ban kai ga miƙewa ba wayata ta yi ƙara a aljihu. Rosimeire ce, abokiyar aikina a otal. "Ke Jaci!! Ba kakarki ba ce wannan?" Ga bidiyo a ƙasa.

A shafin gidan abincinsa ya sa shi. Ga ni da rigata ruwan ƙwai na kafa kai. Ga Vó hannu a ka, baki buɗe, gashi a waje. Ya ɗora masa wani kiɗa mai ban dariya, a sama ya rubuta: "Mangwaro da madara: ku zo ku gwada, ba wanda ya mutu tukuna!" Ƙarƙashi kuwa mutane sai dariya suke zubawa, wani na cewa kakarsa sak, wata na tambayar ƙarfe nawa ake buɗewa.

Na koma bayan tukunyar furanni inda Vó ba za ta ga fuskata ba. Na rubuta masa saƙo.

"Lisandro, sauke bidiyon nan yanzu."

"Jaci! Ya jikin mamaciya? Hahaha. Kin ga yadda yake yawo kuwa?"

"Ba wasa nake ba. Ka sauke, ka sa takalminka, ka zo ka durƙusa gaban Vó kafin rana ta faɗi. Akwai abin da ba ka sani ba."

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Masoyiyata, ba da mugun nufi ba ne, kowa cewa yake tana da ban sha'awa. Wurin ya cika maƙil yanzu haka, duk shi suke nema, ba zan iya fita ba. Bari ya kwana, gobe in sauke in zo mata da fure. Kin yarda?"

Na ɗaga kai. Rana ta riga ta sauka kan rufin maƙwabta, inuwar bishiyar kwakwa ta kai tsakiyar titi. Ina son mutumin nan, na rantse ina son sa, kuma ban taɓa jin haushin wani ɗan Adam kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

"Jaci," Vó ta kira daga cikin raga, ba ta ko juyo ba. "Shi ne? Me ya ce?"

Na kife wayar a cinyata.

"Yana tafe, Vó."

Na shiga ɗaki na cire 'yan kunnen na jefa a aljihu, na zura takalmin da nake zuwa aiki da shi, wanda ake iya sauri a cikinsa. Mainha ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu ta ce ina zuwa kuma, mai ciwo?

Na ce zan je in taho da shi ne. In kuma na dawo ni kaɗai, kada wanda ya sake kiran sunansa a gidan nan.